Kod ɗaya, gurabe da yawa: yadda ake kama Am a sassan wuyan jita

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni matashi ne a Tudun Wada, Jos, kuma shekara guda ke nan ina kaɗa jita a ƙungiyar mawaƙan majami'armu. Na iya kama Am a kusa da kan jita, amma na ga wani makaɗi yana kama shi a tsakiyar wuya da wani tsarin yatsu dabam, ya kuma ce mini kod ɗaya ne. Yaya hakan yake, kuma wanne ya kamata in riƙa amfani da shi?

Amsa: Barka kadai, ƙanena. Abin da makaɗin nan ya faɗa maka gaskiya ne, kuma abin da ya ɗaure maka kai shi ne ka haddace kod a matsayin zaman yatsu, alhali kod sautuka ne da ake haɗawa. Am, wato A maina, sautuka uku ne kacal: A da C da E, waɗanda a solfa na makullin C kuke kira la, do, mi. Daga A zuwa C firet uku ne, daga A zuwa E kuma firet bakwai (firet shi ne kowane gurbi da ƙananan ƙarafa suka raba a wuyan jita, ana ƙirga su daga kan jita). Duk inda ka tara waɗannan ukun a wuyan jita, ka kama Am. Da yake tsirkiyoyi shida ne, kuma an ɗaure su a kan E, A, D, G, B, E daga mai kauri (ta shida) zuwa siririya (ta ɗaya), kowane sauti yana da gida fiye da ɗaya.

Ka duba wanda ka saba da shi. Tsirkiya ta biyar a sake A ce, ta huɗu a firet na 2 E ce, ta uku a firet na 2 A ce, ta biyu a firet na 1 C ce, ta ɗaya a sake kuma E ce. Idan ka matsar da yatsan da ke kan tsirkiya ta biyu zuwa firet na 2, nan take kod ɗin zai koma A meja. Wannan firet guda shi ne dukkan bambancin da ke tsakanin sautin nan mai sanyaya jiki da wancan mai fara'a, don haka ka riƙe sautin C da kyau, domin za mu dawo kansa.

Ina kyautata zaton wanda ka gani a hannun makaɗin shi ne na firet na 5. Ana kwantar da manuniya a kan tsirkiyoyi shida gaba ɗaya a firet na 5, sannan yatsan zobe da ƙaramin yatsa su danne ta biyar da ta huɗu a firet na 7. Idan ka lura, siffar Em (E maina) ce da ka riga ka sani aka ɗauko aka hau da ita firet biyar, manuniya kuma ta tsaya a madadin ƙashin da ke kan wuyan jita. A nan ne masu koyo suka fi yaudarar kansu ba tare da sun sani ba. A wannan kamun, A ta fito sau uku, E sau biyu, amma C sau ɗaya tak, a tsirkiya ta uku, wadda sau da yawa takan faɗa daidai cikin lanƙwasar gaɓar manuniya ta mutu. Sauran biyar za su yi ƙara, kunne zai ɗauka komai ya yi daidai, amma abin da ake kaɗawa ba maina ba ne, ba kuma meja ba. Shi ya sa nake roƙon duk wanda nake koya wa ya taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya kafin ya share su tare. Ka ɗan karkata manuniya ta danne da gefenta mai ƙashi, ka matso da ita dab da ƙarfen firet, ka sa babban yatsa a tsakiyar bayan wuya, kuma ka bar nauyin hannu ya yi aikin maimakon matsi da ƙarfin tsiya. Idan ka yi duk wannan tsirkiyar ba ta fito ba, kada ka yi saurin zargin hannunka, domin bushewar hunturun Jos takan taɓa itacen jita, kuma jitar da tsirkiyoyinta suka yi nisa da wuya tana buƙatar mai gyara ko tsirkiyoyi marasa kauri.

Akwai kamu na uku da ke ɗaukar siffar Dm: tsirkiya ta huɗu a firet na 7, ta uku a na 9, ta biyu a na 10, ta ɗaya a na 8, ba a taɓa ta biyar da ta shida. A firet na 12 kuwa, inda tsawon tsirkiya ya rabu biyu daidai, komai yana sake farawa da murya mafi tsini, sai siffar farko ta dawo da manuniya a kwance.

Game da wanda za ka zaɓa, ra'ayina a fili yake. Idan kai kaɗai ne kake raka mai waƙa, Am na kusa da kan jita ya fi, saboda tsirkiyoyin da ke sake suna daɗewa suna amo, suna kuma cika ɗaki. Amma idan akwai kibod da bes, kamar yadda aka saba a majami'u da dama, kod mai tsirkiya shida yakan shiga hurumin bes da hannun hagun mai kibod, sai kiɗan ya cushe, muryoyin mawaƙa su rasa sarari. A irin wannan zama na fi son tsirkiyoyi uku na ƙasa, wato ta uku da ta biyu da ta ɗaya. Ka danne su duka a firet na 5, ka sami C, E, A. Ko ka kama firet na 9 da na 10 da na 8, ka sami E, A, C. Jerin ya canza, sautin da ke sama ya canza, amma Am yana nan yadda yake.

Amfanin wannan zai bayyana maka a jerin C, Am, F, G da ake yawan bi a waƙoƙi. Ka kama C a tsirkiyoyin nan uku a firet na 5, 5 da 3. Don zuwa Am, sautin tsirkiya ta ɗaya kawai zai tashi daga firet na 3 zuwa na 5. Don zuwa F, ta biyu ce kaɗai za ta matsa daga na 5 zuwa na 6. G kuma yana nan kusa, a firet na 4, 3 da 3. Ka ga an gama zagayen ba tare da hannu ya fita daga tsakanin firet na 3 da na 6 ba, kuma wannan kusancin ne yake sa kiɗa ya gudana sumul, babu ƙarar jan yatsu a kan tsirkiya.

Duk siffar da ba ta da tsirkiya a sake tana tafiya ko'ina. Kamun firet na 5 idan ya hau na 7 ya zama Bm, idan ya sauko na 3 ya zama Gm, don haka ranar da shugaban mawaƙa ya ɗaga makulli ba za ka ruɗe ba. Abin da hakan ke buƙata shi ne ka haddace sunayen sautukan tsirkiya ta shida da ta biyar har zuwa firet na 12. A wannan makon ka ware minti goma kullum, ka kaɗa Am bugu huɗu a kowane gurbi daga kan jita zuwa firet na 12, ka sake saukowa, kana faɗin inda C take da bakinka kafin ka matsa gaba.