Shin Haɗin Gwiwa da Jami'o'in Waje Yana Inganta Karatun Injiniyancin Muhalli?

Tambaya: Ni ɗalibi ne a fannin injiniyancin ruwa da muhalli. Mun sha jin an ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar Turai, amma ɗakin gwaje-gwajenmu yana nan yadda yake. Shin irin wannan haɗin gwiwa yana da amfani kuwa?

Amsa: Yana da amfani ƙwarai, amma sai idan an gina shi a kan horar da malamai da samar da kayan aiki a gida, domin wannan fanni ba a koyonsa daga allo kaɗai. Dole ɗalibi ya ɗebo ruwan rijiya ko na kwata da hannunsa, ya auna dattin da ke cikinsa, sannan ya tsara hanyar tace shi.

Misalin da na fi gamsuwa da shi shi ne cibiyar 2iE da ke Wagadugu a Burkina Faso. Asalinta makarantar injiniyoyin karkara ce da ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ciki har da Nijar da Chadi da Kamaru, suka kafa a 1968, aka haɗe ta da wata makarantar ta zama 2iE a 2006. Ta daɗe tana aiki tare da kwalejin fasaha ta Lozan a Suwizalan, kuma hukumar Faransa mai tantance digirin injiniya ta amince da digirinta. Abin lura shi ne binciken ya tsaya a kan matsalolin Sahel, wato ƙarancin ruwa da tsaftar masai da tace ruwan kwata cikin tsananin zafi, ga shi kuma ɗakunan gwajin a Wagadugu suke. Lokacin da Bankin Duniya ya fara shirin manyan cibiyoyin bincike na Afirka a 2014, an zaɓi 2iE, haka ma Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi.

Akwai kuma cibiyar IHE ta garin Delft a Holan, wadda aka kafa a 1957, ta horar da injiniyoyin ruwa masu tarin yawa daga ƙasashe masu tasowa. Tsarin da na fi goyon baya a irin wannan hulɗa shi ne malamin jami'ar gida mai neman digiri na uku ya yi wani ɓangare na karatunsa a waje, ya dawo gida ya gudanar da bincikensa, malamai daga ɓangarorin biyu suna duba shi. Ta haka ba a rasa malamin, sakamakon kuma ya amfani al'ummarsa.

Inda abin ke lalacewa shi ne a kwafo manhajar da aka tsara domin biranen da ke da magudanan ƙarƙashin ƙasa da wutar da ba ta ɗaukewa, ko a kawo na'ura mai tsada ba tare da horar da mai gyara ta ba. Ɗalibinmu yana buƙatar sanin yadda za a cire sinadarin kuromiyam daga ruwan masana'antun jima na Challawa a Kano, da yadda ake tsaftace ƙasar da dalma ta gurɓata, irin abin da ya kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010.

Shawarata ita ce ku je ta hannun ƙungiyarku ta ɗalibai, ku tambayi shugaban sashe cikin ladabi: malamai nawa za a horar, wa zai ɗauki nauyin sinadarai da gyaran na'urori bayan tallafin ya ƙare, kuma ko akwai gurbin musayar ɗalibai a cikin yarjejeniyar.