Ga 'yar uwar da ta bar gurbin jam'iyya fayau a fom ɗin rajista

Salamu alaikum 'yar uwa. Na ga tambayarki, kin ce kin yi rantsuwar zama 'yar ƙasa, Allah ya sanya alheri, kin cike fom ɗin rajistar zaɓe a wajen amma kin bar gurbin jam'iyya ba ki zaɓi komai ba, yanzu kuma kati ya zo lambar mazaɓarki daban da ta yayarki alhali layi biyu ne tsakaninku a Bronx da ke birnin New York na Amurka, kina tambaya ko kuskure aka yi, kuma ko sai Nuwamba za ki fita. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ramin da na faɗa kenan sak, kuma har gobe in na tuna raina ɓaci yake.

Maganar lamba ba kuskure ba ne, ki kwantar da hankalinki. Bronx ɗin nan a yayyanke take, wani yanki yana mazaɓar majalisar wakilai ta 13 wajen ɗan majalisa Espaillat, wani yana 14 wajen Ocasio-Cortez, mafi yawa suna 15 wajen Ritchie Torres, mu kuma can sama aka jefa mu 16 tare da mutanen Westchester. Titi ɗaya sai ya raba ki da maƙwabciyarki. Wannan ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoron shi ne gurbin da kika bari.

Ni wani bawan Allah ne ya yi min rajista, ɗan garinmu ne ma, kowa na ganin girmansa, ya kafa teburi a ƙofar masallaci bayan Juma'a da tarin fom a gabansa yana cike wa mutane. Da muka zo gurin jam'iyya na tambaye shi da bakina, na ce Alhaji nan fa me zan sa? Ya ce Hajiya bar shi kawai, mu baƙi ne ba ruwanmu da rigimar jam'iyya, in kin sa ma damunki za su rinƙa yi da waya da neman kuɗi, ƙuri'a ai ƙuri'a ce. Ya faɗa da ƙarfin gwiwa irin na wanda ya san abin da yake yi. Ba ni kaɗai ba, duk matan da muka bi layin ranar haka ya ce mana. Nuwamba 2022 ta zo na je na jefa ƙuri'ata lafiya lau ba wanda ya ce min uffan, don babban zaɓe ba ya tambayar jam'iyya, na dawo gida ina murna har na liƙa ɗan sitikan nan na waɗanda suka yi zaɓe a hijabina na ɗauki hoto na tura gida.

Sai 2024. Kin san yadda zukatanmu suke a lokacin da abin da ke faruwa a Gaza, kuma Jamaal Bowman, ɗan majalisarmu na 16 a lokacin, yana cikin 'yan ƙalilan da suka buɗe baki tun da wuri suka ce a tsagaita wuta. Mutumin nan shugaban makaranta ne a nan Bronx kafin ya kayar da Eliot Engel a 2020, Engel da yake kan kujerar tun 1989. Sai aka tsayar masa da George Latimer, shugaban gundumar Westchester a lokacin, aka yi ta zuba kuɗi, ɓangaren AIPAC, ƙungiyar masu goyon bayan Isra'ila, kaɗai sama da dala miliyan 14, kafin lokacin ba a taɓa kashe kuɗi haka a zaɓen fidda gwani na majalisar wakilai ba. Ba ki buɗe talabijin ko akwatin wasiƙa sai kin ga fuskarsa an baƙanta. Ba ina cewa Bowman ba shi da nasa laifin ba, abin ƙararrawar gobara da ya ja a ginin ofisoshin majalisa a 2023 ya ba su sanda da hannunsa, kuma ya yi sake da mutanen mazaɓa, amma ni dai na riga na yanke shi zan zaɓa. Ga shi an sake zana taswira a shekarar an dawo da unguwar Co-op City ta Bronx cikin 16, na ce to Alhamdulillah, wannan karon hannuna zai kai.

Ranar Talata 25 ga Yuni, ranar fidda gwanin, bayan babbar sallah da 'yan kwanaki. Na kwana wajen tsohuwar da nake kula da ita, ban runtsa ba don daren ba ta ji daɗi ba, na fito da safe ƙafafuna sun kumbura, ko gida ban biya ba na wuce makarantar da muke zaɓe. Na kira mata uku a hanya ina ce musu ku fito fa, ku fito. Na bi layi, na kai teburi, matar ta buga sunana a na'ura, ta ɗago ta dube ni, ta sake duba na'urar, ta ce sunanki yana nan amma ba ki da jam'iyya, yau na 'yan jam'iyya ne kawai. Na ce ban gane ba, ni 'yar ƙasa ce, ga katina, ga fasfo ma na zo da shi. Ta ce na sani, ba maganar zama 'yar ƙasa ba ce. Na ce to ki sa ni yanzu mana. Ta ce an rufe tun Fabrairu. 'Yar uwa, mutane a bayana suna jira, wani yana tsaki, ni kuma ina tsaye da jakar aiki a kafaɗa, bakina ya bushe, Turancin ma ya gudu daga kaina. Matar ba ta wulaƙanta ni ba, aikinta take yi, amma yadda ta ɗaga murya don in ji sai kowa ya ji, na ji kamar an kama ni ina ƙoƙarin yin maguɗi. Na fito na zauna a kan dakalin bakin makarantar na yi kuka, kukan da ban yi ba ranar da aka hana ni biza karon farko. Shekaru nawa na yi ina jiran takardar nan, kuɗin lauya, tambayoyi ɗari da na haddace ina goge wa tsohuwa jiki, sai a ce ranar da ƙuri'ata take da amfani ranar ce ba ni da ita. Cikin matan da na kira biyu su ma haka aka dawo da su, ɗaya ta bar jariri wajen maƙwabta ta fito.

Da dare sakamako ya fito, Latimer ya ci da kusan kashi 58 cikin 100. A ɓangarenmu na Bronx Bowman ne ya yi rinjaye sosai, amma mu ɗan yanki ne, Westchester ta fi yawa. Na san ƙuri'ata ɗaya ba za ta juya wannan ba, kar wata ta zo ta faɗa min, na sani. Abin da ke ci na shi ne mu nawa ne a teburin Alhajin nan? Kuma teburi nawa irinsa?

Na same shi daga baya a wajen wani suna, na ja shi gefe cikin mutunci na ce Alhaji ka san abin da ka jawo mana? Wallahi ko a jikinsa. Ya ce to Hajiya ai Nuwamba na nan, ki je ki zaɓa. Daga baya nake jin wai biyansa ake yi a kan yawan fom ɗin da ya kawo, shi adadi kawai yake nema, bayanin jam'iyya ɓata masa lokaci ne. Kuma shi da matarsa duk suna da jam'iyya a nasu katin! Wannan ne ya fi ƙona min rai. Da rashin sani ne da na yafe tuni, amma mutum ya san hanya ya nuna miki daji. Har yau yana gaban sahu, har yau in 'yan takara sun zo masallaci shi ke riƙe musu makirfo yana cewa al'ummarmu al'ummarmu. Muna gaisawa don zumunci, amma tsakanina da shi akwai Allah.

Nuwamban da yake faɗa kuwa, a irin mazaɓunmu an gama wasa tun Yuni. Latimer ya wuce a Nuwamba da sama da kashi 70, Torres ma sama da kashi 70 yake ci, duk wanda Dimokurat ta tsayar a 13, 14, 15 da 16 ya riga ya tafi Washington. Ki duba Ocasio-Cortez, a fidda gwanin Yuni 2018 ta kayar da Joe Crowley, mutumin da ake ganin zai iya zama kakakin majalisa, tazarar ƙuri'a dubu huɗu da 'yan kai ce kawai don mutane ba sa fita. Dubu huɗu fa, taron sallar idi ɗaya na 'yan Afirka ta Yamma a Bronx. A gida mun saba daliget ne ke fidda ɗan takara a bayan ƙofa mu sai dai mu ji labari, shi ya sa ba ma ɗaukar abin da muhimmanci, nan kuwa ke ce daliget ɗin, in dai sunanki na cikin jam'iyya.

Don haka don Allah kar ki kwana da wannan. Ki shiga shafin hukumar zaɓe ta jiha da wayarki ki buga sunanki da ranar haihuwa, zai nuna miki mazaɓa, rumfa, da jam'iyya ko rashinta. Ki sake cike fom ki zaɓi jam'iyya, kuma ya isa hannunsu kafin 14 ga Fabrairu, in ya wuce ranar canjin ba zai fara aiki ba sai bayan zaɓen Yuni. Ba zan ce miki ga wadda za ki shiga ba, amma ki duba wace ce ke cin mazaɓarki. Kuma shiga jam'iyya ba aure ba ne, a Nuwamba kina iya dangwala wa wanda kika ga dama ba wanda zai sani. Wayar da ya tsorata mu da ita, eh suna kira, sai ki kashe.

Af, kafin in manta, yayar taki ita ma ta yi rantsuwa ko girin kad, wato katin zaman dindindin, ne da ita? Na ga kin ce tana da lambar mazaɓa shi ya sa. Duk mai girin kad kar ta kuskura ta taɓa fom ɗin nan, ko da wani ya ce mata ba komai, ko a wajen lasisin mota aka miƙo mata. Laifi ne babba, yana iya hana ta zama 'yar ƙasa har ya kai ga kora. Wasu har yanzu suna yawo da labarin dokar birni da ta ce masu girin kad za su zaɓi magajin gari, babbar kotun jiha ta soke ta a 2025, kuma dama ba ta taɓa shafar zaɓen majalisar tarayya ba.

Kuma ki rinƙa duba mazaɓar duk shekarar zaɓe don taswirar jihar nan ba ta zama wuri ɗaya. Bayan ƙidayar 2020 New York ta faɗo daga kujera 27 zuwa 26, kuma mutum 89 kacal suka rage da ba a rasa kujerar ba. Duk sanda na tuna gidajen mutanenmu da suka ƙi buɗe wa masu ƙidaya ƙofa don tsoro sai in ji wani iri, a bene ɗaya ma za a samu 89 ɗin. Sai 2022 kotu ta yi watsi da taswirar da 'yan majalisar jiha a Albany suka zana aka ba wani masani ya zana sabuwa, har fidda gwani ya rabu biyu, na gwamna a Yuni na majalisar wakilai 23 ga Agusta, mutane suka rikice. A taswirar nan ne Rifablikan suka kwashi kujera 11. A 2024 kuma Dimokurat suka koma 19, su 7. Masu 'yan uwa a Long Island ko Syracuse ko wajen Rockland, su kam Nuwambansu zaɓe ne na gaske, ku matsa musu su fita, a 2020 mazaɓa ta 22 da ƙuri'a 109 aka raba gardama.

Ranar zaɓen in kin je aka ce ba sunanki alhali kin tabbata kin yi rajista, kar ki juya, ki ce a ba ki takardar rantsuwa ki jefa, za su tantance daga baya. Ki fara tabbatar da rumfarki ce. Masu aikin dare irina kuma akwai kwana 9 na zaɓen wuri kafin ranar, har Asabar da Lahadi, ba sai kin ja kumburarriyar ƙafa ba. In kin ga sunan mutum ɗaya a layi biyu a takardar Nuwamba kar ki ruɗe, ƙananan jam'iyyu ne ke ara, wuri ɗaya za ki cike.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma ki riƙe, ofishin ɗan majalisarki yana bin kadin takardun da suka maƙale, na miji ko na 'ya'ya ko fasfo, ki je da lambar fayil ki sa hannu a takardar izini su rubuta wa hukumar. Ba sa tambayar wa kika zaɓa. Ni na je kan takardun ɗana kuma an saurare ni, a ofishin mutumin da ban so ya ci ba.

Ki duba yau ɗin nan ki dawo ki faɗa mana me ya nuna miki, in fom ɗin ya ba ki wuya ki yi min magana ta gefe mu cike tare a waya, na fi samun sarari bayan la'asar. Sauran matan da suka yi rajista a teburin ƙofar masallaci ku ma ku duba naku don Allah, Fabrairu ba nisa.