Daga Ina Kakana Ya Fito?

Tambaya: Malam, kakana ya rasu bara. Baduku ne, har yau warin fata bai bar ɗakinsa ba. Yakan ce mu Katsinawa ne, ni kuwa ban taɓa tambayarsa ba. Ta ina zan fara?
Jikarsa, Maraɗi

Amsa: Allah ya jiƙansa, 'yata. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa: da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, sarakunanta suka yo arewa, ɗaya daga cikinsu, Ɗan Kasawa, ya kafa sarauta a Maraɗi. Fara da gwaggonninki, su ke riƙe da sunaye. Kai musu goro, ki ɗauki muryarsu a waya. Tambaye su unguwar da gidanku yake kafin ambaliyar 1945 da ta ci tsohon garin Maraɗi, da irin tsagar fuskarsa. Maroƙan fada ma sun san asali, sai dai akwai su da ƙarin gishiri.