Tambaya da Amsa: Ina so in shirya gajeren fim, amma kuɗina kaɗan ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce a shekarar ƙarshe a sashen koyon harkar fim, kuma an buƙaci kowannenmu ya gabatar da gajeren fim kafin ƙarshen zango. Na rubuta labari mai shafi 22, da 'yan wasa tara da wurare shida, har da fitowa biyu da za a ɗauka da dare a kan titi. Abin da na tara bai taka kara ya karya ba, kuma ina tunanin zuba mafi yawansa a hayar babbar kyamara domin fim ɗin ya fito da kyau. Shin wannan dabara ce mai kyau, kuma ta ina ya kamata in fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Shawarata ta farko ita ce ki dakata da maganar kyamara tukuna, ki koma kan rubutunki, domin a can ne kuɗin fim suke ƙarewa tun kafin a ɗauki hoto ko ɗaya. A ƙa'idar da masu rubutun fim suke bi, shafi ɗaya yana ba da kimanin minti ɗaya, saboda haka abin da ke hannunki fim ne na kusan minti 22. Ɗalibai masu ƙarancin kayan aiki da wuya su ɗauki fiye da shafi huɗu ko biyar a yini, wanda ke nufin kina buƙatar kwana biyar ko shida, kuma kowane yini yana zuwa da kuɗin sufuri da na haya. Duk lokacin da kuka tashi daga wani wuri zuwa wani, sa'o'i ne za su tafi a kwashe kaya da sake kafa su. Fitowar dare a kan titi kuwa ita ce mafi tsada a cikin duk abin da kika lissafa, domin tana buƙatar fitilu da wutar da za ta riƙe su da izinin hukuma.

Ki rage labarin ya dawo shafi takwas zuwa goma, da 'yan wasa biyu ko uku, a wuri ɗaya ko biyu. Na san wannan yana da ciwo, domin marubuci yana ganin kowace fitowa tamkar 'yarsa, amma gajeren fim yakan fi ƙarfi idan ya tsaya a kan mutum ɗaya da matsala ɗaya. Hukumar da ke ba da kyautar Oscar tana ɗaukar duk fim ɗin da bai wuce minti 40 ba a matsayin gajere, sai dai masu shirya bukukuwan nuna finafinai sun fi samun sauƙin sanya mai minti goma a jadawalinsu. Ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwan da za ki samu ba tare da biya ba, kamar ɗakin da aka amince miki da shi da abokan karatu da suka iya wasa, sannan ki gyara labarin ya dace da su.

Idan akwai inda nake so ki kashe kuɗi, to sauti ne, kuma a nan ne na fi ganin finafinan ɗalibai suna faɗuwa. Mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin abin da ake faɗa, hankalinsa ya bar fim ɗin. Makirufon da ke jikin kyamara yana nesa da bakin mai magana, don haka yakan kwaso amon ɗaki da hayaniyar waje. Ki yi hayar makirufo da ake riƙewa a kan sanda kusa da 'yan wasa, ki ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai saurare da abin kunne. Ki ziyarci kowane wuri a daidai lokacin da za ku yi aiki, ki rufe ido ki saurara, za ki ji fanka da firji da motocin da ba ki lura da su ba. Bayan kowace fitowa, kowa ya yi shiru a naɗi sautin wurin na minti ɗaya, domin mai tacewa, wato mai yanka da haɗa hotuna da sauti, zai cike giɓin da ke tsakanin maganganu da shi. Idan ana naɗar sauti daban da hoto, a tafa hannu a gaban kyamara a farkon kowace ɗauka, saboda a iya daidaita su daga baya.

Game da kyamara, wadda makarantarku take bayarwa aro, ko ma waya mai kyau, za ta wadatar. Ki saita ta a kan hoto 24 a daƙiƙa, ki kulle ma'aunin haske don kada ya riƙa canzawa da kansa, ki ɗora ta a kan marikin kyamara mai ƙafa uku. Hasken taga da farin allo mai mayar da haske a fuska za su yi miki aikin fitilu da yawa.

Kafin ranar aiki, ki rubuta jerin duk hotunan da kike buƙata, ki tara su bisa wuri maimakon bisa tsarin labari, ki kuma yi gwaji da 'yan wasa aƙalla sau biyu, tun da gwaji ba ya cin kuɗin haya. Ki karɓi izini a rubuce daga masu wuri da kowane ɗan wasa, kada kuma ki sa kiɗan da ba ki da haƙƙin amfani da shi. Ki ware kashi 10 cikin 100 na kasafinki don abin da ba a zata ba. Tacewa takan ɗauki lokaci fiye da yadda ɗalibai suke tsammani, saboda haka ki bar mata makonni, ba kwanaki ba. Manhajar tace fim ta DaVinci Resolve tana da nau'i na kyauta wanda ya ishe ki. A ƙarshen kowane yini, ki kwafi abin da aka ɗauka a ma'adana biyu daban kafin a goge katin kyamara.

A wannan makon, ki karanta sabon rubutun da babbar murya tare da 'yan wasanki, agogo yana hannunki. Idan ya wuce minti goma, ki fara cirewa daga fitowar dare. Allah ya ba da sa'a.