A ɓoye wa Baba cewa kansar baki ce?

Ɗan'uwa ka ce gwaji ya nuna gyambon harshen Baba kansa ce, wato ciwon daji, yayyenka sun ce a ɓoye masa kar hankalinsa ya tashi. Ni dai ku faɗa masa, jikinsa ne, shi zai sa hannu kafin a yi masa aiki ko a fara gashi (ƙona kansar da hasken na'ura a asibiti), bai dace a yanke masa gefen harshe yana zaton ciwon haƙori ne ba. Sai dai ba gaban 'yan dubiya ba, ku fara tambayarsa ko yana son jin komai daga bakin likita, in ya ce ku ji a madadinsa shi ma haƙƙinsa ne.

Mu wata biyu muka ɓoye wa Hajiyarmu muna ce mata gyambo ne kawai, sai ta daina yarda ta hau adaidaita daga Kurna zuwa asibiti, ta koma kan kanumfari da ruwan gishiri, wai wa ke sintiri kan gyambo? Ran da ta sani ta ce dama ta gane tun tana ganinmu muna ƙus-ƙus a soro, da kanta ta yarda aka cire ruɓaɓɓun haƙoranta kafin gashi, don bayan gashi ƙashin muƙamuƙi ba ya warkewa da wuri. Sati 6 ana gashin, yawunta ya ƙafe, kunu ma da ƙaramin cokali take haɗiya da ƙyar, wallahi da ba ta san dalili ba da ba ta jure ba. Allah ya ba Baba lafiya.