Ku Tambaya Mu Amsa: Zama da yara a tsohuwar unguwar ƴan Suwidin ta Shikago

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗiyata tana aure a Shikago, ƙasar Amurka, ƴaƴansu uku, babban shekararsa 6, autar tana rarrafe. Mijinta ya ce za su koma wata unguwa, Andersonville, wai ta ƴan Suwidin ce. Hankalina bai kwanta ba. Musulmi baƙo zai iya zama cikinsu da yara? Me zan ce su duba kafin su kama gida? Daga Hajiya, Bukoki, Yamai.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, yawancin abin da ya rage na ƴan Suwidin a can suna ne da tarihi. Bayan gobarar da ta cinye tsakiyar Shikago a 1871, an hana ginin katako a cikin gari, sai baƙin da ba su da ƙarfin ginin bulo suka gusa arewa. A wajajen 1900, in ka cire Sitokholm, babban birnin Suwidin, babu birnin da ya kai Shikago yawan ƴan Suwidin. Daga baya jikokinsu suka watsu zuwa bayan gari, wasu ƙabilu suka shigo. Yau akwai gidan tarihinsu da aka buɗe a 1976 a titin Clark, mai sashen yara, da tankin ruwa shuɗi mai gicciye rawaya a kan rufinsa (tutar ƙasarsu ce, kada a ɗauka coci ne), sai bikin tsakiyar bazara da ake tare titi a yi a watan Yuni. Ko tsohon gidan burodinsu ya rufe tun 2017.

Mu a ganinmu, gidan ya fi maƙwabta abin dubawa. Gidajen unguwar tsofaffi ne, na bulo, hawa biyu ko uku, kowane hawa iyali guda.

Abu na farko dalma, irin gubar da ta kashe yara a Zamfara a 2010. A Amurka sai 1978 aka hana fenti mai dalma a gidaje, don haka doka ta wajabta wa mai tsohon gida ya ba ɗan haya takardar gargaɗi. Wurin dubawa shi ne bakin taga: buɗewa da rufewa na goge fentin ya zama ƙura, mai rarrafe ta dafa ta kai hannu baki. A riƙa goge wurin da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da ƙurar take yi. Ruwan famfo ma haka, domin har 1986 da bututun dalma ake ja wa gidajen Shikago ruwa. In famfo ya yi awa 6 ba a buɗe ba, a bar shi ya zuba minti 5. Girki da damun madarar jariri, da ruwan famfon sanyi kawai. Tafasawa ba ta cire dalma, sai matata mai shaidar inganci ta NSF 53. Su kira 311, lambar wayar hukumar birnin, a aiko musu kayan gwajin ruwa kyauta, kuma su nemi likita ya auna jinin autar.

Na biyu ɗumi. Sanyin can ba irin hunturunmu ba ne, a Janairun 2019 ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri. In mai gida ne ke riƙe da na'urar ɗumama gini, daga 15 ga Satumba zuwa 1 ga Yuni dole ɗaki ya kai digiri 20 da rana, kusan 19 da dare. Kafin sa hannu su tambaya: kuɗin ɗumi na cikin haya ko su za su biya gas? Gida mai arha da ɗumi a wuyan ɗan haya yakan fi tsada in sanyi ya kama. Ƙarafan ɗumin da ke jikin bango tururi ke bi ta cikinsu, suna ƙona hannun yaro, a sa musu makari.

Su guji ɗakin ƙasa wanda rabinsa ke cikin rami, ruwan sama mai yawa na sa magudana ta dawo ciki. Hawa na uku kuma babu na'urar hawa, ga goyo ga cefane, ga na ƙasa yana ƙorafin gudun yara a kan daɓen katako.

Lakwal ta gwamnati adireshi take bi, titi guda kan raba yara zuwa makarantu biyu. Su sa adireshin gidan a shafin intanet na hukumar makarantun birnin su ga inda ya faɗa kafin su biya ko sisi. Su kuma tantance kuɗin shiga: akwai na ajiya da ake maidowa, akwai wanda in an biya ya tafi ke nan.

Nama da masallaci ba su da nisa. Bas mai lamba 22 na bin titin Clark zuwa titin Devon, daga nan mai lamba 155 ta yi yamma zuwa shagunan ƴan Pakistan da Indiya masu naman halal. A gidajen abincin ƴan Suwidin kuwa a tambaya, dunƙulen namansu sau da yawa haɗin sa ne da alade.

Tambaya: Ƙanena da ke zaune kusa da wannan unguwa ya ce an ja motarsa da asuba a watan Disamba, alhali ko ƙanƙara ba ta zubo ba. Zalunci ne ko doka? Daga Malam, Tawa.

Amsa: Doka ce, Malam, kuma duk shekara tana kama baƙi. Daga 1 ga Disamba zuwa 1 ga Afrilu, an hana ajiye mota daga ƙarfe 3 zuwa 7 na safe a wasu manyan tituna da jimillar tsawonsu mil 107 ne, ko ƙanƙara ta zubo ko ba ta zubo ba, don motocin share ƙanƙara su samu hanya. Kuɗin ja dala 150 ne, tara dala 60, sai dala 25 kowace rana da motar ta kwana a wurinsu, saboda haka ya karɓo ta da wuri. Akwai wani allon daban mai hana ajiya sai ƙanƙara ta kai inci 2, wato santimita 5. Mutane na rikita su biyun. Da dare ya shigar da ita ƙananan layuka, amma can ma ya karanta allo, wasu layukan sai mai takardar mazaunin unguwa.