Kan maganar kirak ɗin da ka ce za ka sauko

Jiya ina rufe shago ka tare ni da tambaya: "Oga, mai laftop ɗin nan yana so a sa masa Office da CorelDRAW, na kan filashinmu kuma ya ƙi hawa. In sauko da sabon kirak? Na ga wani ƙarami, ko giga ɗaya bai kai ba, ba zai ci mana data ba. Sai dai sun ce a kashe antibairos kafin a buɗe shi." Ka ga na yi shiru na tafi. Na ji ka sarai. Maganarka ta kirak, wato manhajar kuɗi da aka fasa don a yi amfani da ita ba tare da an biya ba, ita ce ta tono min wani abu da har yau in na tuna shi abinci ba ya min daɗi.

Amsar ita ce a'a. Muddin a shagona kake, ba za ka kashe antibairos, mai gadin inji daga cutar kwamfuta, a injin mutum don ka buɗe abin da ba ka san wanda ya haɗa shi ba. Yadda ake haɗa filashin buti da raba rumbun ajiya da sa direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan inji su yi aiki, kuwa, ba zan ɓata bakina a kai ba. Wata takwas kana zaune a gefena, in ba ka iya wannan ba to ka koma gida.

A watan Fabrairun 2019 ne, lokacin da aka ɗage zaɓen shugaban ƙasa daga 16 ga wata zuwa 23, na gwamnoni kuma ya koma 9 ga Maris. Masu buga fastoci a Kano ba sa barci a kwanakin nan. Wani mai shagon zane da buga takardu, wanda na shekara huɗu ina yi wa aiki, ya shigo da injinsa a kafaɗar yaronsa, gumi har wuya. Matsalarsa ta gaske ce: ana turo masa zane da sabon Corel, nasa tsoho ne, tsoho kuwa ba ya buɗe fayil ɗin sabo. Ya ce yau yau yake so, ko nawa ne. Na ce masa abin da ke hannuna tsoho ne, sabon sai an sauko da shi, kuma ban yarda da wuraren da ake samunsa ba. Ya dafa kafaɗata ya ce, "Injiniya, sa kawai. Ko me ya faru ni na ɗauka." A gaban yarana biyu ya faɗa.

A lokacin ina biyan wani kamfani kuɗin intanet na wata, irin wanda suke tallatawa wai ba shi da iyaka. Iyakar tana nan, sun dai ɓoye ta a cikin ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Kana cin wasu gigogi sai su shaƙe maka layi, ya koma tafiyar hawainiya har wata ya ƙare. Ni kuma na riga na ci nawa. Na fara sauke babban fayil ɗin, injin ya nuna min sai bayan awa goma sha tara. Mutumin yana zaune a kan benci yana duba agogo, wayarsa tana ta ƙara. Sai na ga wani wuri da ya ce ga shi an matse shi, ɗan ƙarami, minti arba'in ya sauka. Irin wanda ka gani jiya, sak.

Da na buɗe, antibairos ya yi ihu ya kama shi. Na kashe shi da hannuna. Kuma rumbuna na waje, mai tera biyu, yana jone a jikin injin, don daga ciki nake ɗauko direbobi. Ka san me ke cikin rumbun nan? Fayilolin filashin waya na shekara bakwai, na Tecno da Itel da Infinix da Samsung da wasu 'yan China da ko sunansu ba za ka ƙara ji ba, waɗanda na tara ɗaya bayan ɗaya da datar dare. Da zanen allon laftop kala-kala. Da kwafin kayan kwastomomi shida da na kwashe kafin in yi wa injinansu fomat. Da hotunan sunan 'yata ta fari.

Corel ɗin ma bai hau ba. Wani akwati ya fito kamar Windows na sabunta kansa, na ce bari in yi sallar la'asar kafin ya gama. Ina dawowa na tarar duk fayil ya zama fari, kowanne da wani baƙon suna a wutsiyarsa, ba hoton da ke buɗewa, ba takarda. A kowace jaka an ajiye 'yar wasiƙa da Turanci: an kulle kayanka, mabuɗin dala 980 ne, in ka tuntuɓe mu cikin awa 72 ka biya 490. Dala tana wajen naira 360 a lokacin, ka lissafa, kusan dubu 350 ke nan, rabinsa dubu 176. Daga baya na san sunan abin, STOP ko Djvu ake ce masa, kuma babbar hanyarsa ta shiga injin mutane ita ce kirak da 'yan manhajojin nan masu ƙago lambar rajista. Ƙafafuna sai da suka kasa ɗaukata, na zauna a ƙasa a kan tayil.

Mutumin da ya ce shi ya ɗauka, ko awa ɗaya ba a yi ba ya tara min jama'a a ƙofar shago. Wai zanen 'yan takara huɗu ne a ciki, ya karɓi kuɗinsu, na kashe masa kasuwa. Na ce ka tuna abin da ka faɗa? Ya rantse bai faɗa ba. Yarana suka ba da shaida, aka ce ai yaransa ne, dole su bi bayansa. Muka je gaban shugabannin kasuwa, ya nemi dubu 600. Dattawa suka yi ta ja har aka tsaya a dubu 250 da sabon rumbu, kuma ba zan ce sun zalunce ni ba, don tambaya ɗaya suka yi min: wa ya kashe antibairos ɗin? Na sayar da babur ɗina, na ci bashin ƙanen matata, na biya a cikin mako. Kwastomomi shidan nan kuwa na bi su gida-gida ina ba da haƙuri. Wata malamar makaranta da aikin digirinta na biyu ke ciki ba ta zage ni ba, kuka kawai ta yi, kuma wannan ya fi zagin ciwo.

Kwana uku da biyan kuɗin ina tafe a adaidaita sahu, sai ga fastocin nan a jikin bango, sababbi fil, zanen da na gani da idona a injinsa kafin ya kulle, har da kuskuren harafi ɗaya da na lura da shi. Yaronsa ne ya gaya wa nawa yaron cewa duk daren duniya sai maigidansu ya kwafe aikinsa a wata laftop a gida. Ko fayil ɗaya bai rasa ba. Na same shi a shagonsa na ce ka ji tsoron Allah. Ya ce sulhu ya riga ya wuce, in ina da magana in tafi kotu. Ni na yi kuskure, na amsa, amma shi ya ci kuɗina da ƙarya yana sane, kuma ban yafe ba. Har yau in muka haɗu a ɗaurin aure sahu nake canzawa.

Akwai na biyun da ya fi ƙona min rai. Cikin fushi na yi wa rumbun nan fomat na ci gaba da amfani da shi. A watan Oktoba na shekarar wani kamfanin tsaro, Emsisoft, ya fitar da manhajar buɗewa kyauta, ta kuma ceto mutane da yawa da tsohon samfurin abin ya kama. Da na jefa rumbun a durowa na haƙura wata takwas, da wataƙila malamar nan ta samu aikinta. Don haka in aka kawo maka injin da aka kulle, cire shi daga intanet, kar ka jona masa komai naka, kar ka goge komai, ka cire rumbun ka rubuta kwanan wata a jikinsa ka ajiye.

Ku yaran yanzu kuna ɗauka wanda ya zauna ya fasa manhaja ya ɗora a intanet sadaka yake yi. Da me yake biyan wuta da abinci? Kirak shiri ne da kake ba wa izinin taɓa ko'ina a cikin inji. In bai kulle fayil ba, yana iya kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, na imel da Facebook da banki, ya aika wa mai shi, injin kuma yana aiki lafiya lau ba wanda ya sani. Za ka ce min wani lokaci antibairos ƙarya yake, yana kama kirak ko da ba cuta a ciki. Haka ne. To da wane ido za ka bambance? Ni da na fara wannan aiki tun zamanin Windows XP da Pentium 4 ban bambance ba, sai kai da ka kalli bidiyon minti shida a YouTube ka fara kiran kanka injiniya? Kuma manhajar da asalinta gigogi ce, a ce maka an matse ta ta dawo 'yar mitsitsiya, ai ko buhun gero ba ya shiga aljihu.

Abin da ke ba ni haushi, rabin kirak ɗin da kuke sawa ba a ma buƙatarsa. Windows ɗin kansa Microsoft na bayar da shi a shafinsu, ka sauke ka sa. Laftop ɗin tokumbo da ake kawowa, tun daga zamanin Windows 8 yawancinsu lasisinsu na cikin allon injin. Ka sa irin wanda ya zo da shi, Home ko Pro, ka jona intanet, da kansa zai yi rajista. Sau nawa na ga yaro ya ɗora KMS, kirak ɗin da ke yi wa Windows rajistar bogi, a kan injin da ke da lasisinsa na halal, don bai tsaya ya duba ba? Mai buga wasiƙa da lissafin shago kuma LibreOffice ta ishe shi, kyauta ce, tana buɗe fayil ɗin Word da Excel. Mai ƙaramin zane ya gwada Inkscape. Wanda Corel ce abincinsa, yana buga aikin miliyoyi da ita, ya sayi lasisi kamar yadda yake sayen tawada da takarda.

Ban ce kamfanonin nan waliyyai ba ne. Tun 2013 Adobe, mai manhajojin zane, ta koma bayar da manyan manhajojinta haya, kana biya wata-wata da dala, ranar da ka kasa ta rufe. An yi shekaru ma katin naira ba ya biyan komai a waje, ko kana da niyyar saya. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta janye tallafin Windows 10, Windows 11 kuma tana neman wani ɓangaren tsaro da ake ce wa TPM 2.0 da injin da bai tsufa ba, alhali rabin abin da ke kasuwarmu lafiyarsa ƙalau, shekaru kawai ya yi. Ga data: a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari. Duk na san wannan, a jikina nake ji. Amma tsadar abu ba ta mayar da shi naka. Na ga yadda 'yan tura fim a waya suka durƙusar da masu sayar da faifan finafinan Hausa a garin nan, mutanen da na sani da shaguna suka koma ba su da komai. Mai haɗa manhaja ma guminsa ne.

Maganar ƙarancin data kuwa kar ka sake kawo min ita. Ina ganin abin da kake yi da wayarka in ba kwastoma, giga biyu kake ƙonawa a TikTok kafin azahar, sannan ka zo kana tsimin giga biyar a kan injin mutum. Ka sayi datar dare, ka sauke Windows da LibreOffice daga shafin masu su sau ɗaya, ka ajiye a filashi biyu. Rumbun da kake kwafe kayan kwastoma a ciki daban, na kayan aikinka daban, kuma kana gama kwafa ka zare shi.

Gobe ka kira mai laftop ɗin. Ka duba lasisin Windows ɗinsa tukuna, na tabbata yana ciki. Ka gaya masa za mu sa LibreOffice, Corel kuma in yana so ya kawo kuɗin lasisi mu saya masa da imel ɗinsa. In ya ce shagon gaba za su sa masa a dubu biyu, miƙa masa injinsa da cajarsa ya tafi. In kuma ya ce maka ko me ya faru shi ya ɗauka, ka turo min shi, ni zan yi magana da shi.